Neman Garin da Babu Bazara



Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, daga Saji zuwa Rano, daga Rano zuwa Kibiya a nan kudancin Kano, hirar mutane ɗaya ce: zafi. Ɗakin kwano ba ya shiguwa sai dare ya raba, magidanta sun fito da tabarmi ƙofar gida, mata da yara sun baje a tsakar gida, ruwan randa ma ya yi ɗumi. A irin wannan lokaci ne za ka ji mutum yana cewa da yana da hali da ya tattara iyalinsa ya tafi inda babu zafi babu sanyi. Su kuwa masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye sun san da wannan buri, shi ya sa tallansu ba ya wuce cewa ga gari kaza, iskarsa daɗi daga farkon shekara har ƙarshenta. To sharhinmu na yau a kan wannan gari yake: akwai shi kuwa? In akwai, ina yake, kuma wa yake yi wa daɗi?

Mu fara da namu yanayin, don mai neman sauyi ya kamata ya san abin da yake gudu. Kano tana kan tudun da bai kai mita 500 daga doron teku ba. A watan Afrilu zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya zarce. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba yakan sauko wajen digiri 13, ga hazo ga ƙura, leɓe ya tsage, kaushi ya fito. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai tsakar kanmu a wannan yanki: sau ɗaya a ƙarshen Afrilu, sau ɗaya a cikin Agusta. Amma wa ya taɓa kukan zafi a Agusta? Lokacin marka ce, gajimare ya rufe sama, ƙasa a jiƙe, dawa da masara sun rufe gona. A Afrilu kuwa sama a buɗe take, ƙasa a bushe, babu abin da ya shiga tsakaninmu da rana. Ke nan zafi ba kusancin rana kaɗai ke kawo shi ba. Akwai gajimare, akwai danshi, akwai kuma abu na uku wanda shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau, wato tsawon ƙasa.

Masana yanayi sun auna sun ga cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Wannan lissafi shi ne sirrin kusan duk garuruwan da ake yabo. Idan gari yana kusa da tsakiyar duniya, tsawon yini da dare ba ya sauyawa sosai, don haka babu tsananin hunturu irin na Turai. Idan kuma an yi sa'a garin yana kan tsauni, tsawon ya rage masa zafi. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce take ba da abin da ake kira yanayi mai daɗi duk shekara. Saboda haka, Alhaji, kafin ka tambayi nisan gari ko kuɗin jirgi, tambayi tsawonsa.

Misali mafi kusa da mu shi ne Jos. Mutumin Rano ba ya buƙatar fasfo: ka bi ta Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, ka fita Saminaka, sai ka ji mota ta fara nishi tana hawa. Garin Jos yana kan tsawon mita 1,200 da 'yan kai, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuwa sun haura mita 1,800. Lokacin da muke fama da digiri 40 a nan, can yakan tsaya wajen 30 zuwa 32, kuma da yamma sai iska ta sauko. Ruwan sama ma yana riga namu sauka, tun cikin Afrilu. Wannan sanyi ne ya sa dankalin Turawa yake yi a Bokkos da Mangu, ya sa kabeji da karas da latas suke cika kasuwannin Jos har a yi lodinsu zuwa Kano. Shi ne kuma ya sa Turawan mulkin mallaka suka mayar da Jos wurin hutu, suka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924.

Amma a nan zan ɗan tsaya, don akwai tarihin da bai kamata mu tsallake ba. Kakanninmu da yawa sun san Jos, kuma ba hutu ya kai su ba, kuza ce. Tun 1914 aka kammala ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa filayen haƙar kuza, mutanen ƙasar Kano da Zazzau da Bauchi suka riƙa kwarara can neman kuɗin haraji da na aure. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, da Ingila ta rasa kuzar ƙasar Malaya a hannun Japan, sai gwamnatin mulkin mallaka ta koma ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna. An kwashi talakawa daga ƙasa mai zafi an kai su kan tsauni, babu bargon kirki, babu wadataccen abinci, suna aiki cikin ruwa da taɓo. Da yawa sanyi da ciwon ƙirji suka kashe su, wasu suka gudu da ƙafa. Iskar da Bature yake shaƙa a barandar gidansa yana cewa ta yi kama da ta garinsu, ita ce ta kwantar da leburan da ke ƙasan kwari. Tsauni ɗaya, wata ɗaya, amma ba yanayi ɗaya suka gani ba. Duk wanda ya ce maka gari kaza yana da daɗi, tambaye shi a wane irin ɗaki ya kwana, da me ya rufa.

Ko a yau, wanda ya je Jos a Agusta da 'yar shara da hula kawai zai gane kurensa. Ruwan da ke sauka can a shekara ya fi na birnin Kano yawa sosai, yayyafi ya wuni yana zuba, wanki ya kwana biyu bai bushe ba. A Disamba kuma sanyin asubar Jos sai dai wanda ya yi alwala da shi ya ba da labari. Lokacin Jos ga mutumin Kano shi ne Maris zuwa Mayu, daidai sa'ar da gida ya zama tanda. Sannan ba za mu ɓoye wa juna ba: garin ya ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma har yanzu wasu ƙauyukan jihar ba su huta ba. Jos na da dubban Hausawa da aka haifi iyayensu a can, kasuwa tana ci, baƙi suna shiga suna fita kullum. Amma baƙo ya nemi ɗan gari ya nuna masa unguwar da zai sauka da hanyar da zai bi, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya tsoma baki a gardamar da bai san farkonta ba.

In ana maganar wurin da ya fi kusa da cika sharaɗin nan na babu bazara a duk Najeriya, to Mambila ce, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Tsawonta ya kai kimanin mita 1,600, kuma a wannan yanki, kan iyaka da Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan da mita 2,419. A Gembu da Nguroje zafin rana da wuya ya wuce digiri 25. Ciyawa shar, tuddai sun yi layi har iyakar gani, shanu sun yi ƙiba saboda ƙudan tsando bai cika kai wa can ba. A Kakara akwai gonar ganyen shayi, abin da ba ya yi a ƙasar Kano ko da an shayar da shi da ruwan madatsar Tiga. Yankin ma bai zama Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, lokacin da Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi ya haɗe da mu, aka sa wa lardin sunan sarautar Sir Ahmadu Bello.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba. Daga nan zuwa Jalingo tafiyar wuni ce cur, daga Jalingo kuma sai ka bi ta Bali da Serti, sannan a Mayo Selbe a fara hawan dutse mai kwana-kwana wanda ke gwada birkin mota da zuciyar fasinja. Damina a can tana da tsawo, tana farawa tun muna cikin bazara, ba ta ɗaukewa sai mun gama girbin gero. Hanyoyin ƙauye sukan zama taɓo. Mai son ganin Mambila da idon daɗi ya nufe ta daga Nuwamba zuwa Maris, ya tafi da rigar sanyi ta gaske da bargo, ya kuma sa a ransa cewa babban asibiti yana da nisa.

Na ƙetare kuwa, lissafin bai sauya ba. Nairobi tana kan mita kusan 1,800, Kigali wajen 1,500, Addis Ababa ta haura 2,300. 'Yan kasuwarmu da ke yada zango a Addis kan hanyarsu ta zuwa Sin ko Dubai sun san yadda ake sauka daga jirgi da babbar riga a koma neman abin rufa. Su ma suna da watannin ruwa da na hazo. Dubai da ake rububi, daga Yuni zuwa Satumba zafinta ya fi namu muni saboda ga digiri 40 ga danshin teku; abin da baƙo yake jin daɗinsa a can na'urar sanyaya ɗaki ce, ba iskar Allah ba. Legas kuma zafinta ba ya kai wa na Kano a ma'auni, amma gumi ba ya bushewa a jiki, mutumin Arewa ya kwana yana juyi. Turai ban ma tsaya a kanta ba: wanda ya je Ingila a Disamba ya ga rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma ya san ba ita ake nufi ba.

Gaskiyar magana, tafiyar da ta fi yawa a zukatan mutanen Saji da Kibiya ba ta Nairobi ba ce, ta ƙasa mai tsarki ce. Hajji lokacinsa a ƙayyade yake, babu mai zaɓa. Mun ga abin da ya faru a watan Yuni na 2024: zafi a Makka ya kai digiri 51 da ɗigo 8, hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar mahajjata fiye da 1,300, Allah Ya jiƙansu. Amma Umra a buɗe take kusan duk shekara, kuma a nan ne nake ganin muna sakaci. Ɗa ya tara kuɗi zai kai mahaifiyarsa mai shekara saba'in, sai ya duba lokacin da kujera ta fi araha, bai duba lokacin da jikin Hajiya zai iya ɗawafi da sa'ayi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu Makka tana da sauƙi, Madina ma har sanyi take yi da dare. Masu son Umrar azumi kuma, lokaci yana zuwa musu da sauƙi: shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka azumi yana matsowa baya kowace shekara. A 2015 ya faɗo a Yuni da Yuli, a 2024 ya kama mu cikin Maris da Afrilu, a 2030 kuwa a farkon Janairu za a ɗauke shi in Allah Ya kai mu.

Su kansu mutanen Makka ba su zauna suna jiran zafi ya dafa su ba. Tun zamanin da, masu hali suna hawa Ɗa'ifa, wadda take kan tsawon mita 1,800 da wani abu, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Garin inabi ne da rumman da furen wardi, kuma a da sarakunan Saudiyya sukan mayar da zamansu can idan zafi ya tsananta. Suratu Ƙuraishi ma ta ambaci tafiye-tafiyen fatauci biyu na mutanen Makka, na sanyi da na zafi, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa da sanyi Yaman suke nufa, da zafi kuma Sham. Ba su nemi gari ɗaya da zai yi musu duk shekara ba, sun raba shekarar ne tsakanin garuruwa.

Haka kakanninmu suka yi. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro sai ruwa ya ɗauke suke ɗaura wa jakuna kaya, saboda a lokacin ne koguna suke ƙetaruwa. Buzayen Azbin sai zafin hamada ya karye, wajen Oktoba, ayarinsu yake nufar Bilma ɗauko gishiri, daga baya su gangaro ƙasar Hausa da shi. Bafulatani yana da inda yake kai shanu da rani, yana da inda yake dawowa da su da damina. Ɗan cin rani kuma ba ya barin gida sai amfanin gona ya shiga rumbu, kuma ko yana Fatakwal, da ya ji an ce hadari ya fara haɗuwa a gida sai ya nemi mota. Babu ɗayansu da ya karanta ilmin yanayi, amma duk sun san cewa wata ake fara zaɓa, sannan gari ya biyo baya. Ra'ayina ke nan a wannan batu, kuma ban ga abin da jirgin sama ya sauya a ciki ba.

Akwai kuma tambayar wane ne matafiyin. Gudun bazara ba shagwaɓa ba ce. Lokacin sanƙarau ne. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, kuma Kano tana cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Tsofaffi da masu hawan jini da masu ciwon ƙoda suna shan wuya a watannin nan, kuma a Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48 da rabi, alamar cewa abin ƙaruwa yake yi a yankinmu. Duk da haka, tsauni ba na kowa ba ne. Mai cutar sikila sanyi yana tayar masa da ciwo, kuma iskar wuri mai tsawo sosai tana iya jawo masa matsala. Mai asma zai iya samun sauƙin ƙura a Mambila, ya kuma gamu da danshi da hayaƙin itacen jin ɗumi. Baba mai ciwon gwiwa da ka kai Jos a marka don ka kyautata masa, wataƙila kwana uku zai yi ya ce a mayar da shi gida. A tambayi likita kafin a sayi tikiti, musamman in tafiyar ta yara ce ko ta dattawa.

Sai mu dawo gida. Mu da muke kudancin Kano muna da wani rabo da mutanen Ɗambatta da Kazaure ba su da shi: ruwanmu ya fi nasu yawa, ƙasarmu tana hawa a hankali har ta kai duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda ya fi ko'ina tudu a jihar. Kuma muna da watanninmu na daɗi. Daga ƙarshen Oktoba, bayan zafin agazari ya wuce, har zuwa farkon Disamba kafin hazo ya yi kauri, ban san inda ya fi ƙasar Rano daɗin zama ba. Sauro ya ragu, sabon hatsi ya shigo, rake da gyaɗa sun cika kasuwa, rana ba ta cizo, dare yana son mayafi mara nauyi. Duwatsun Rurum suna nan kusa, ruwan Tiga ya cika ya batse. Mutum zai iya ɗaukar iyalinsa da safe ya dawo kafin magariba, da kuɗin da ba zai kai shi ko Saminaka ya dawo ba. Hunturun da muke tsaki a kansa kuma, manomin alkama a Kadawa da Bunkure addu'a yake Allah Ya ƙara masa kwana, don in babu sanyi alkama ba ta cika ido.

Marigayi Audu Baƙo, tsohon gwamnan Kano, ya hango wannan tun da wuri. Madatsar ruwan Tiga da aka gina a kan kogin Kano aka kammala a 1974, ba don noman rani da ruwan sha kaɗai ya tsara ta ba. Ya sa an gina otal na Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa, an kuma gina wani a bakin tafkin Bagauda, don mutanen birni da baƙi su sami wurin shan iska. Na Bagauda yanzu ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Dajin Falgore kuma, wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, an keɓe shi ne don namun daji da masu zuwa kallo, amma shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka yi suna fakewa a ciki sun sa direba ba ya son ko rage gudu a wurin.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bebeji da Doguwa ba babba ba ne. A gyara hanyar da ke kai mutum bakin ruwa. A kafa rumfuna da wurin alwala da makewayi mai tsabta, da ɓangaren da mata za su zauna a sake. A sa masu kwale-kwale su riƙa ba fasinja rigar kariya daga nutsewa, a kuma hana lodin da ya wuce ƙima. A tabbatar da tsaro a hanyar Falgore da Riruwai har malamin makaranta ya iya kai ɗalibansa su ga tsofaffin ramukan kuza ba tare da iyaye sun kwana da fargaba ba. Makarantu ma su duba: dogon hutu yana faɗowa a Agusta, lokacin da ruwa ya hana fita kuma kowa yana gona, don haka fitar ɗalibai a sa ta a Nuwamba, cikin zangon karatu na farko.